Dakalin Malam Garba

Shekara bakwai ke nan da muka raka Malam Garba maɗinki makwancinsa. Aminina ne tun muna samari, kuma maƙwabcina a Ƙofar Ruwa.

Kullum bayan la'asar a dakalin ƙofar gidansa muke zama, mu biyar, har a kira magariba. Da muka fara majalisar nan, keke da jaki ne ke wucewa. Daga baya aka zuba kwalta, 'yan acaɓa suka zo, adaidaita sahu ta gaje su, kowane shago ya sayi janareto ya juyo mana da hayaƙinsa. Mu kuwa ko gezau. A wurinmu dattijo ba ya barin inda aka saba samunsa. In ka daina zuwa, sai a ce ko an ɓata ne.

Da tari ya kama Garba, cewa muka yi sanyi ne. Aka bi shi da citta da kanumfari, har hayaƙin magani aka yi masa a kasko, ya lulluɓa da mayafi yana shaƙa. A asibiti likita ya tambaye shi taba nawa yake sha a rana. Mutumin da ko goro bai dame shi ba! Ya ce, "Likita, ni tawa a titi ake kunna mini." Muka yi ta dariya. Bai ga azumin shekarar ba.

Sauran ukun ma sun bi shi, biyu da irin wannan tarin. Ajali na Allah ne, amma ba mai raba ni da zargin hayaƙin nan. Da Garba zai leƙo titin yau, na san tsaki zai yi, sannan ya kakkaɓe wuri ya zauna.

Yanzu ni ma ƙirjin ya fara. 'Yata Hadiza ta hana ni fita, ta ajiye mini kujera a tsakar gida. Numfashi ya yi sauƙi, ban musa ba, amma sai in wuni ba wanda ya yi mini sallama. Kaɗaici yana cina.

Ranar Juma'a na saci jiki na fita. Mai shayin tsallake ya zaro ido: "Baba, ashe kana nan? Wallahi mun ɗauka kai ma..." Bai ƙarasa ba.

Hadiza ta ce in zaɓa, ko titi ko numfashi. An sayar da keken ɗinkin Garba, iyalinsa sun tashi. Wurin zaman nan kaɗai ya rage mini, kuma a nan ne nake jin kamar alwala ya shiga yi, yanzu zai fito. Allah ya jiƙan ka, Garba. Gobe ma zan je.