Ranar da Muka Kai Baffa Abuja a Duba Hantarsa

Gari bai gama wayewa ba muka bar ƙauyenmu, mu uku: ni, da baffana ƙanin mahaifina, da abokinsa na ƙuruciya. Cikin Baffa ya kumbura, idanunsa sun yi rawaya, asibitin garinmu kuma suka ce sai Abuja.

Dangi ba su so abokin ya bi mu ba. Tun suna samari su biyun ke shan burkutu a ƙwarya ɗaya, amma shi abokin garau yake, yana noma kamar ɗan saurayi. Sai aka fara raɗe-raɗin wai shi ya zuba wa Baffa wani abu, har wasu suka daina amsa gaisuwarsa. Baffa bai gaskata ba, bai kuma ƙaryata ba. Cewa kawai ya yi a bar shi ya zo.

Kuɗin mota ya tashi, direba ya ɗora wa fetur laifi kamar kullum. A Dei-Dei muka maƙale tsakanin tirelolin siminti da na shanu. Wani bijimi ya leƙo ya ƙura wa Baffa ido, Baffa ya ce ga likitan farko ya fara duba shi. Ran nan na sake jin dariyarsa bayan tsawon lokaci.

A tashar Jabi muka karya da masa ƙanana masu tsadar gaske, Baffa kuwa kunu kaɗai ya iya kurɓa. A asibiti aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki, aka ce mu dawo gobe. Muka sauka Mpape wurin wani ɗan'uwa mai aikin fasa dutse. Hanyar gidansa siririya ce, hawa ne zalla. Abokin ne ya tallafi Baffa har ƙofa.

Washegari likitar da muka gani, mai haɗa Hausa da Turanci, ta ce hantar ta taurare, giya ce ta ci ta a hankali. Ba a ga ciwon daji ba tukuna, amma irin wannan hantar tana iya kai wa can, don haka sai an riƙa dubawa, shan kuma ya tsaya cak.

Baffa ya nuna abokinsa. "Likita, ga wanda ya fi ni sha a zaune. Me ya sa ni?"

Ta tambaya ko an taɓa irin wannan ciwon a gidanmu. Baffa ya dube ni. Da kumburin ciki mahaifina ya rasu, haka ma kakana.

Ta ce, "Baba, yadda ake gadon tsayi da launin fata, haka ake gadon ƙarfin hanta. Wata tana jure wa giya, wata ba ta jurewa."

Baffa ya ce, "Ba guba ba ce ke nan?"

"Ban ga alamar guba ba."

Abokin ya sunkuyar da kai, ya share ido da hularsa. Likitar ta gargaɗe shi kada ya ɗauka ya tsira, ta sa shi ma a gwada shi. Ni kuma ta ce in tuna jininmu ɗaya da Baffa.

Da muka dawo gida, Baffa ya ƙi shiga ɗaki sai da aka tara dangi. Ya maimaita maganar likita, ya roƙi abokinsa gafara a gaban kowa.

Abin da na koyo shi ne, idan ciwo ya ɗauki wani ya bar wani, mukan yi saurin neman mai laifi a maƙwabta, alhali wani lokaci abin a jininmu yake. Lokacin rasuwar mahaifina, wata tsohuwa aka zarga, har ta bar garin. Na tambayi inda take, aka ce ta daɗe da rasuwa. Da yamma na kira ƙannena maza, na ce su zauna, akwai magana.