Ranar da Na Riga Askar Wanzami a Bakura

Ina tankaɗe ƙanwata ta bugo waya daga Bakura. Kwananta uku da haihuwa, namiji. Muna cikin hira ta ce bari ta tafi, wanzami zai zo da hantsi ya cire wa jariri beli. Na ce wane beli, ba sai ran suna ba? Ta ce gidan mijinta a kwana na uku ake yi. Rariyar nan ban san inda na jefar da ita ba.

Ni na san abin da aska take yi wa 'ya'yanmu maza. Ina 'yar shekara tara a Maradun aka yi wa yayana kaciya tare da sa'o'insa. Kowa ya warke, shi jini ya yi ta ɗiga kwana biyu har ya rasu. Aka ce baki ne, aka ce iska. Sai da na haifi nawa ɗan, ya fara rarrafe gwiwoyinsa suna kumbura, ya ciji harshe jini ya ƙi tsayawa, sannan wani babban asibiti a Sakkwato ya gaya mana sunan abin, himofiliya. Wata nas ta zaunar da ni ta zana mini a takarda. Ta ce jininsa ba ya daskarewa, ta wajen uwa ciwon yake bi, maza yake kamawa, kuma duk namijin da 'yar'uwata ta haifa kada ƙarfe ya taɓa shi sai an gwada. Ta ba ni kati. Allurar da ke tsayar da jinin kuwa, ko a can wata rana akwai, wata rana babu, balle a Bakura.

Na gaya wa ƙanwata tun tana da ciki. Ta ce to, to. Ashe tsoro ya hana ta faɗa wa kowa, don kada a ce danginmu masu kawo ciwo ne. Ni kuma na yi sakaci, ina jiran ran suna. Wannan haushin kaina har yau bai sake ni ba.

A tashar Mafara mota ta ƙi cika. Na zauna, na fito, na koma, na sake fitowa. Direba yana ta shan rake kamar ba shi da wajen zuwa. Na kira ƙanwata sau biyar, ba ta ɗauka ba. Ƙarshe na haye babur, ni da nake zagin masu hawansa a doguwar hanya, ina ta ce wa mai babur ɗin ya ƙara wuta, katin yana cikin zanina ya jiƙe da gumi.

Na tarar da wanzamin a zaure, tsoho, ya buɗe zabira yana jera kayansa. Ban ko gaishe shi ba na faɗa ciki. Surukar ƙanwata tana riƙe da jaririn. Gidan mahauta ne, kuma ita mace ce mai baki.

"Inna, don Allah kar a taɓa yaron ga," na ce, ina haki.

"Ke ɗiyag ga, ba gaisuwa? Mu da munka tashi cikin jini za ki ba tsoron jini? In ba a hidda beli ba, mi zai hana shi shaƙewa?"

Ƙanwata ta sunkuyar da kai. Na san in na yi magana na tona ta, in na yi shiru yaron ne zai biya. Na ɗaga murya yadda za a ji har zaure, na faɗi komai, da yayana da ɗana da abin da nas ta zana. Inna ta ce ai sai mu kwashe ciwonmu mu koma Maradun.

Sai wanzamin ya yi sallama daga bakin ƙofa. Ya ce in maimaita. Na maimaita, na karanta masa katin. 

"Yara biyu sunka mutu bayan aikina," ya ce a hankali. "'Yan ɗaki guda. Shekara ashirin ina cewa hannuna na. Hajiya, ni ba ni taɓa wanga yaro. Kuma duk wanzamin da kunka kira, sai na riga ku zuwa gidanai."

Inna ta dubi jaririn, ta ja zani ta lulluɓe masa wuya.

Bayan an yi suna muka kai shi gwaji, aka ce yana da shi. Ƙanwata ta yi kuka, ni kuwa na zauna a ƙasa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fitowata daga gidan a ranar. Tsohon yana zaure, ya riga ya ɗaure zabirarsa, bai tafi ba. Ya miƙo hannu ya karɓi katin, ya juya shi, ko da yake ba ya karatun boko.

"Ɗiyata," ya ce, "sake karanta min wurin da anka ce ta wajen uwa ya ka bi."