Ranar da Kawu Ya Sa Na Shanye Kwalba Guda

A shekarata ta uku a Dubai wani wasan kwaikwayo na Turawa ya kama gari. Labarin wani attajiri ne mai jiragen ruwa, wanda ba ya yanke shawara sai ya tsiyaya wiski a gajeren kofin gilashi, ya jefa ƙanƙara, ya je bakin taga yana kallon teku. Matarsa ta gudu, sai taga. Jirginsa ya nutse, sai taga. Ban taɓa ganin mutumin da bala'i ke yi wa kyau irinsa ba.

Abokin zamana a unguwar Al Nahda Kirista ne, mutumin Kafanchan, yana aiki a mashayar wani otal. Shi ya gaya mini wasan ya juya kan mashaya, kowa ya koma wiski, kwalabe sai cika kwandon shara suke yi. Kwalabe ne masu nauyi, masu kyan gani, mu kuwa ba a raine mu mu ga kwalba mai kyau a shara mu wuce ba. Ya riƙa kawowa gida muna wankewa da ruwan zafi. Wata muka zuba man gyaɗa, wata zuma.

Ni giya ba ta taɓa shiga bakina ba, amma tsayuwar nan ta bakin taga ta shiga raina. Sai na dafa shayi ba madara, ya huce, na ɗura a kwalbar da ta fi kyau. Kala ɗaya sak. Na sayi gajeren kofi da 'yar falmaran. Tagarmu ba teku take kallo ba, cunkoson motocin da ke komawa Sharjah take kallo, amma na yi maneji.

A lokacin nan magabatana sun kai gaisuwar neman aurena a Kano, kuma ina son yarinyar ba kaɗan ba. Iyayenta na kan bincike. Mahaifinta ya riga ya faɗa cewa talauci bai dame shi ba, amma ba zai ba mashayi 'yarsa ba. Ashe an ɗora binciken a kan kawunta, ɗan kasuwa mai zuwa kasuwar Deira a nan Dubai sarin kaya.

Ranar wata Asabar bayan azahar abokin zamana ya buɗe masa ƙofa. Kawun ya same ni bakin taga, falmaran a kan jallabiya, ina juya kofi, ga kwalba a kan tebur da tambarinta ɓaro-ɓaro. Ya faɗi ko shi wane ne.

Na durƙusa na ce, “Kawu, wallahi shayi ne.”

“Ɗana, ban tambaye ka ba.”

“A sansana, Kawu.”

Ya ce sanyin otal ya toshe masa hanci kwana uku. Na ce to a ɗanɗana. Ya dube ni sama da ƙasa.

“In kuma giyar ce fa? Ka sa ni saɓo da furfurata?”

Abokin zamana ya sa baki. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce, “Baba, shekara bakwai ina wannan aiki. Wannan ko a mafarki ba wiski ba ne. Ko a shayi ma na banza ne.”

Kawu ya gode masa, ya ce amma shaidar aboki ba ta shiga Kano. Ya gyara zama, ya nuna kwalbar da sandarsa.

“Yalla, maza shanye duka. In giya ce za ta yi magana da kanta.”

Haka na ɗaga kai na shanye kusan lita guda ta shayi mai sanyi, mai ɗaci. Ya cire agogonsa ya ajiye a kan gwiwa. Ya sa na jero sunayen kakannina, sannan na jero su daga ƙarshe. Ya sa na bi layin tayil daga ƙofa zuwa taga da ƙafa ɗaya. Ya tambaye ni farillan alwala, na kawo su daidai, sai ya ce akwai mashaya masu ilimi.

Bayan rabin sa'a shayin ya fara aikinsa. Na nemi izinin kewayawa, ya ce sam, amai zan je in yi in ɓatar da shaida. Na zauna na harɗe ƙafafu, gumi na keto mini, ina jijjiga. Kawu ya ce wa abokin zamana, “Ka gani? Ta fara kama shi.” Shi kuwa maras mutuncin ya shige kicin yana dariya har da dukan bango. Tsoro ne ya kama ni na gaske, don na ga aurena zai watse a kan ganyen shayi.

Da sa'a ta cika, Kawu ya maida agogonsa, ya ce, “Khalas, an gama.” Ban jira sauran ba, na ruga banɗaki. Ina ciki na ji ya kira mahaifinta, ya buɗe muryar wayar yadda dattawa ke yi.

“Alhaji, na gama bincike. Yaron nan ba ya sha, zan iya dafa Alƙur'ani. Sai dai gaskiya sakarai ne.”

Na kasa kunne ina jiran hukuncin Kano.

“Sakarci kawai?” in ji mahaifinta. “Wannan ai muna da shi a gida. Ka ce su turo a sa rana.”