Sifikar Hagu ta Kawu Fannami

Kawu Fannami wan mahaifiyata ne. A unguwarmu ta Haɗejiya ba a san shi da komai ba sai gyaran injin ban-ruwa, sana'ar da ya fi shekara talatin yana yi a wata rumfar kwano da ke jingine da katangar gidansa. Mahaifinsu masunci ne, asalinsa daga wajen tafkin Chadi, kuma shi ma Kawu da kamun kifi ya fara. Da ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa kifi ya ja baya, sai ya ajiye koma ya bi wani makanike, har ya fi shi.

Da zarar ruwa ya janye daga fadama aka shiga noman rani, sai babura su fara tsayawa a ƙofar rumfar, daga Guri, daga Kirikasamma, daga ƙauyukan bakin kogi, kowanne da inji ɗaure a baya. Kawu ba ya fara kwance inji. Cewa yake a tayar. Sai ya tsuguna, sifana a hannun dama, ya karkata kai ya ba injin kunnensa na hagu. Kafin minti guda ya ce boris ne, ko bawul, ko kuwa mai shi ya daɗe bai juye baƙin mai ba. In aka kwance, abin da ya faɗa shi ake tararwa. Manoma har gardama suke yi a kansa, wasu na cewa ba kunne kaɗai ba ne, akwai abin da ya taka. Shi dariya kawai yake yi.

Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, Mairam, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini tun ina goye.

Bara ɗansa Zaharaddeen, wanda ke aiki a Kano, ya kawo masa wata tsohuwar kwamfuta, baƙin akwati mai nauyi. Ya jona ta da talabijin ɗin falo da batirin sola, ya cika ta da tafsiri da karatun Alƙur'ani da wasannin dambe da fina-finan Hausa, ya ajiye sifika biyu, ɗaya a kowane gefen kujerar babansa. Ya koya masa inda zai danna, ya koma Kano. Tun daga lokacin, in Kawu ya rufe rumfa bayan la'asar, can za a same shi.

Ni kuwa na gama jami'a ina gida ina jiran kiran bautar ƙasa. Ilimin tsirrai na karanta, amma a danginmu duk wanda ya shiga jami'a ai kwamfuta ya sani. Shi ya sa ranar da Kawu ya ce akwatin ya lalace, ni aka aika wa.

Ya ce mini ƙarar tana fita, amma maganar ta cakuɗe. In ana dambe yana jin ganga sarai, sai dai abin da mai sanarwa ke faɗa kamar mutum na magana da tuwo a baki. Na zauna a kan tabarma da linzamin kwamfutar, na buɗe saitin sauti. Ƙarfin ƙarar yana kan arba'in da biyar. Na kai shi sittin. Na sami wajen da ake daidaita kaurin sauti da sirintarsa, na rage kaurin, na ɗaga siririn, domin a nan baƙaƙen magana suke. Ya saurara, fuskarsa ta washe. Ya ƙwala wa matarsa Iya Gumsu kira, ya ce ta zo ta ga abin da karatu ke yi. Ita kuwa daga bakin ƙofa ta ce ita dai da ma tana jin abinta, yanzu ne ma ya fara sara mata kai.

Ban kawo komai a raina ba a ranar.

Bayan mako uku aka sake aikowa. Wannan karon ya ce sifikar hagu ta yi sanyi, duk maganar ta koma dama. Na kunna tafsiri, na durƙusa kusa da sifikar. Tana aiki, har takardar da ke kanta na rawa. Na duba lambar ƙara, na ga ya ƙara da kansa ta kai saba'in da huɗu. Na ɗaga kai zan yi magana, sai na ga yadda yake kallona, irin kallon da manoma ke yi masa in ya tsuguna gaban injinsu. Na haɗiye abin da ke bakina. Na nemo ma'aunin da ke raba sauti tsakanin hagu da dama, na tura shi hagu sosai. Ya ce ya ɗan fi.

Sannan ya roƙi abu biyu. Na farko, in ƙara girman hoton, wai malamin ya yi nisa. Na canza saitin allon har fuskar malamin ta cika talabijin, rawaninsa ya yanke. Na biyu, ya ce bakin malamin na gaba, maganar na biyo shi a baya, in gyara su tafi tare. Na zura ido na daɗe kafin na gane gaskiyarsa. Tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba. Wata nawa ina shiga falon nan ban taɓa lura ba, Iya Gumsu ma haka. Na sami wajen da ake matso da sauti gaba ko baya, na yi ta matsowa kaɗan-kaɗan har ya ce ya isa. Ina cikin yi na fahimci wanda duk ya kama wannan tazarar, bakin mai magana yake kallo.

Da na fito, Iya Gumsu na tsince shinkafa a tsakar gida. Ta ce kawuna ya fara sabon salo, in ta kira shi daga madafi sai ya juya wajen bayi yana amsawa. Ta ce amma in ta ce abinci ya sauka, ko a rumfa yake yana ji. Ta yi dariya, ni ma na yi. Sai da na kai soro na lura da ƙarfi take magana, ni ma da ƙarfi na amsa mata, kuma duk gidan haka suka koma ba tare da kowa ya ce a yi ba.

Daga nan abubuwa suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. Wata ranar kasuwa ya dawo daga Kafin Hausa rigarsa a yage, gwiwa na jini. Ya ce wata tifa ce ta wuce shi ba ko hon, iskarta ta jefa shi gefen titi. Maƙwabcinmu da ke bayansa a wani babur ya gaya wa mahaifiyata a ɓoye cewa sau uku direban ya danna hon, har mutanen gona suna ɗaga kai. Ta hagu mota ke wuce mutum. Tun daga ranar, in na ji tashin babur ɗinsa da safe, ba na iya karyawa sai na ji dawowarsa.

Sai kuma injin Malam Inuwa, wani manomin shinkafa daga Guri da ya shekara ashirin ba ya kai injinsa ko'ina sai wajen Kawu. Ya kawo, aka tayar, Kawu ya saurara ya ce fulogi ne kawai, ya canza. Bayan kwana huɗu injin ya buga a bakin kogi, a daidai lokacin da shinkafar ke ɗaukar ciki, gonar ta kwana biyu babu ruwa. Malam Inuwa bai zo ya yi faɗa ba. Ina tsaye a ƙofar gida na gan shi ya wuce ta gaban rumfar da injin a bayan babur, ya rage gudu, ya ɗaga hannu ya gaishe da Kawu da girmamawa, ya miƙe wajen wani makanike a bakin tasha. Kawu ya amsa gaisuwar, ya ci gaba da goge wata sifana da ba ta da datti.

Mahaifiyata ta ce ni ya kamata in gaya masa, tunda ni yake saurara. Ni kuwa ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba sai an kira sunana. Na yi ta shirya maganar a raina, in na je gabansa sai ta watse. Ba kunya kaɗai ba ce. Tsoro nake ji kada in faɗa, abin ya tabbata. Muddin laifin na akwatin ne, akwai inda zan danna.

Kira na uku ya zo ranar wata Juma'a bayan la'asar. Na tarar da shi a ƙasa, ya kwance sifikar hagu, ƙusoshinta jere a kan murfin kwano. Ya ce ya duba ta ciki da waje, lafiyarta lau. Ya ce ya ma musanya su, ya kai ta dama hagu, ta hagu dama, amma sanyin bai bi sifikar ba, yana nan a hagu. Saboda haka ciwon daga cikin akwatin yake, kuma wannan ɓangarena ne.

Na ce akwai wani gwaji da kwamfutar ke yi, takan buga ƙararrawa a hagu, sannan ta buga a dama. Ya ce madalla, amma a cire sifikun daga maganar gaba ɗaya, in kawo ɗan abin kunnen nan da nake sa wa a wayata. Na ciro iyafis ɗina daga jaka, na jona, na mayar da ma'aunin hagu da dama tsakiya. Ya sa ɗaya a kowane kunne. Na danna.

A allon, alamar hagu ta yi haske. Kawu bai motsa ba. Alamar dama ta yi haske, ya gyaɗa kai.

“Kin gani ko, Uwata? Akwatin ne. Hagunsa ya mutu.”

Da zai tsaya nan, wallahi da na bar shi. Amma shi ba ya yarda da gwaji ɗaya. Ya ɗan zauna yana kallon wayar da ke reto a ƙirjinsa, sannan ya cire su, ya musanya, na hagu ya koma kunnen dama, na dama ya koma hagu. Ya ce in sake.

Alamar hagu ta yi haske, ya ji. Na ga idonsa ya motsa. Alamar dama ta yi haske, ya ci gaba da jira. Ya jira har hasken ya ɗauke.

Ya ce in sake, na sake. Sau uku. A tsakar gida Iya Gumsu ta daina jan guga.

Ya cire ya miƙo mini, ya ce in sa. Na sa na danna. Ƙarar ta soke ni har sai da na zabura na dafe kunne, kuma ya gani.

“Nawa kika ji?”

“Biyu, Kawu.”

Ya kai ɗan yatsa cikin kunnensa na hagu ya girgiza, kamar wanda ruwa ya shigar masa. Ya duba yatsan. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa, ina ta zuba, ni da ba na magana. Na ce akwai saitin da ke haɗa sautin duka ya tura shi gefe ɗaya, ba abin da zai rasa. Na ce ana iya sa rubutu a ƙasan hoto, in ƙara masa girma. Na ce wataƙila dauɗa ce ta toshe, likita zai wanke. Ya bar ni na gama.

“Ba shi nake tambaya ba. Wannan ya tafi, na ji. Na daman fa? Ranar da kika fara zuwa, a kan nawa kika sami ƙarar?”

“Arba'in da biyar.”

“Yau fa?”

Na duba allon, ko da yake na riga na gani tun shigowata.

“Casa'in da biyu.”

“Ƙarshenta nawa ne?”

“Ɗari.”

Ya tashi a hankali, ya mayar da ƙusoshin sifikar ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure, ya jona wayarta, ya ajiye ta inda take. Ya hau kujerarsa. Ya ce in rushe duk abin da na gyara tun farko, kauri da siriri da girman hoto, in mayar da akwatin yadda Zaharaddeen ya kawo shi. Ƙarar kuma in kai ta inda ni da Iya Gumsu za mu ji daidai, ba inda shi yake so ba. Sannan in sa masa karatun da ba shi da hoto.

Na danna wajen da ke mayar da komai asalinsa. Na sauke ƙarar zuwa talatin. Na zaɓi wani karatun Alƙur'ani, murya kaɗai, allon baƙi. Muryar makarancin ta cika falon, a natse, kowane harafi a fili. Iya Gumsu ta zo bakin ƙofa ta tsaya, hannunta jiƙe da ruwa.

Kawu ya jingina, ya runtse ido, ya ɗora hannu biyu a gwiwa. Aya ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce.

“To kunna mana, Uwata.”

Karatun yana ci gaba. Ya buɗe ido ya dube ni, ya dubi matarsa, wadda leɓɓanta ke bin karatun a hankali. Ya daɗe yana kallon bakinta. Sannan ya laluba aljihu ya ciro wayarsa, ya miƙo mini.

“Kira mini Zaharaddeen. Ki ce ya nemi likitan kunne, Litinin muna tafe. Ke za ki yi masa magana, ni ba lalle in ji shi ba.”