Gwangwanayen Baba Mai Kunne

Kafin sauran masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, Baba Mai Kunne ya riga ya share garejinsa. Da ƙafa yake zuwa, rigar aikinsa a naɗe a hammata. Ya buɗe kwaɗo, ya yayyafa ruwa, ya yi shara tun daga ƙurya har bakin kwata. Sai ya shimfiɗa tsumma a kan benci ya jera sifanu daga ƙarami zuwa babba, ya goge kowanne, har wanda bai taɓa ba jiya. Shekara arba'in da huɗu ke nan yana haka, a rumfar kwano ɗaya, tsakanin mai faci da mai walda.

Yadda yake duba mota ne ya jawo masa sunan. Ba ya tsayawa jin dogon bayanin mai ita. Sai ya ce a tayar da inji, ya ɗauki guntun tiyo na roba, ya sa baki ɗaya a kunnensa, ya riƙa bin jikin injin da ɗayan, idonsa a rufe kamar mai gyangyaɗi. Mai faci bai gaji da ba da labarin ranar da wata bas cike da mutane ta wuce, Baba ya zabura daga kan benci ya bi ta da gudu yana ɗaga hannu. Direban ya tsaya yana ta masifa. Da aka duba, noti biyu kacal suka rage a tayar baya. Baba ya ɗaure ta, ya koma ya ci gaba da shan shayinsa.

Ɗabi'arsa ta biyu kuwa gwangwanaye ce. Baba bai iya rubutu ba, don haka in ya kwance mota, kowane gungun noti da kusa da wosha yana da gwangwaninsa, na madara ko na fenti, a jere a gindin bango. Wanda ya fara cirewa shi ne na farko daga ƙofa, in ya zo ɗaurawa sai ya faro daga ƙurya. Wannan jerin shi ne littafinsa, kuma duk layin an san ba a taɓa shi.

A ƙarshen watan nan zai ajiye sifana. Ya cancanci jinjina, amma ba za a yi masa ita da gaskiya ba sai an ba da labarin motar da ake kira Koriya, labarin da mu 'yan layin ba ma so a tayar, Lauya kuwa ya fi kowa.

Lauya shi ne autan wani tsohon safiyo, mai awon filaye, da ke zaune a bayan layinmu. Tun yana saurayi tsohon ya sayi wata 'yar ƙaramar motar tsere, koriya shar, mai kujera biyu da rufin da ake naɗewa, kuma tun tana sabuwa babu hannun da ya taɓa cikinta sai na Mai Kunne. Da ƙarfi ya ƙare, aka lulluɓe ta da tamfol a tsakar gida, ta yi shekara ashirin kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Sai likita ya ce tsohon yana da hawan jinin ido, ɗan ganin da ya rage masa da wuya ya kai shekara guda. Da suka dawo gida daga asibiti, tsohon bai yi maganar magani ba. Ya tsaya a gaban tamfol ɗin ya ce, "Auta, ina so in ga Koriya a kan titi kafin duhun ya rufe."

Lauya ya sa aka jawo ta zuwa garejin. Mai Kunne ya zagaya ta sau biyu, ya shafa bonet ɗinta, ya ce, "Wata shida, Auta. Ka gaya wa Maigida ya riƙe idonsa wata shida." Duk garin Lauya ake ce masa, Mai Kunne da mahaifinsa kaɗai ke ce masa Auta.

Wata huɗu Lauya bai leƙa ba, shari'o'i sun sha masa kai. A wannan tsakanin abokansa suka cika masa kunne cewa kayan irin waɗannan tsofaffin motoci ana neman su ruwa a jallo, kuma tsofaffin makanikai sun san inda ake kai su. Ranar da ya zo, da kwat ɗinsa da ƙamshin turare, abin da ya gani ƙwarangwal ne a kan duwatsu. Babu inji, babu kujeru, babu sitiyari, babu fitilu. Shi kuma ya baro mahaifinsa da safen nan yana laluben kofin shayi a kan tebur. Tsoro ne ya kama shi, amma da tsoron ya zo fita daga bakinsa sai ya fito da siffar rashin kunya.

"Malam, ina kayan motar nan?"

Mai Kunne ya ɗago. Bai taɓa jin wannan yaro ya kira shi da wani suna ba Baba ba.

"Komai na nan," in ji shi, ya nuna gindin bango. Gwangwani saba'in da wani abu, a jere, manyan kayan kuma a rufe da buhu a ƙurya.

"Wannan tarkacen? Ka sayar da na kirki ka tara mini shara. An gaya mini halinku, na ƙi yarda."

Lauya mutum ne da ya saba magana a gaban alƙali, muryarsa ba ta buƙatar lasifika. Duk layin aka ji. Mai walda ya kashe wutarsa, mai faci ya saki tayar hannunsa, muka taru muka yi cirko-cirko. Lauya ya wanke tsohon nan tas, ya shafa masa kashin kaji a gaban mutanen da suka shekara arba'in suna ajiye makullan shagunansu a hannunsa. Mu kuwa muka yi shiru. Kwat ɗin ya cika mana ido, kowa yana jiran wani ya fara.

Sai Lauya ya kira motar janwe, ya sa ma'aikatanta su juye gwangwanayen cikin buhu. A nan ne kaɗai Mai Kunne ya miƙe tsaye.

"Ranka ya daɗe, ka ɗauke su yadda suke. Kada ka haɗa su."

"Juye su," in ji Lauya.

Aka juye aikin wata huɗu cikin buhu biyu. Ƙarar ƙarafan nan da suke zuba har yau tana kunnen mai faci.

Wani katafaren gareji Lauya ya kai Koriya, mai tayil da gilasai, inda ma'aikata ke sa riga iri ɗaya. Suka karɓe shi hannu bibbiyu. Suka zo da na'urarsu suna neman inda za su jona ta, alhali an ƙera Koriya tun kafin a haifi mai na'urar. Suka zazzage buhunan a ƙasa, suka ga noti dubu masu kama da juna, suka mayar. Yau a ce masa ana jiran kaya, gobe a ce injiniyan ya yi tafiya. Wata takwas aka yi ana wannan. Kullum in ya shiga gaida mahaifinsa, tsohon zai tambaya, "Ya Mai Kunne yake ciki da ita?" Kullum Lauya zai ce, "Ana nan ana yi, Baba." Ya kasa faɗa masa. Yana kallo tsohon ya daina karanta jarida, ya daina gane fuska, har ya kai ba ya bambance taga da bango.

Wata ranar Talata da hantsi muka ga janwe ta dawo da ƙwarangwal ɗin nan da buhu biyu. Lauya ya sauko, babu kwat. Ya tsaya a bakin rumfa, ƙafarsa ta ƙi shiga. Abin da ya tsayar da shi gindin bango ne. Gwangwanayen suna nan a jerensu, babu komai a ciki, an goge musu ƙura. Wata takwas tsohon bai matsar da ko ɗaya ba.

Lauya ya durƙusa a kan ƙasar da baƙin mai ya jiƙa. Kansa a sunkuye, ya ce can ƙasan maƙoshi, "Baba, na zalunce ka. Ka yafe mini."

Mai Kunne ya karkato da kai. "Me ka ce?"

Ya sake faɗa, a hankali dai.

"Ɗaga murya," in ji tsohon. "Kunnen ya yi nauyi. Tun bayan zazzaɓin da na yi, na hagun ya tafi, na daman ma sai an yi da gaske."

A nan Lauya ya gane cewa watannin nan takwas ba idon mahaifinsa kaɗai suka ci ba. Ya kuma gane cewa ba zai samu ya saci afuwa a ɓoye ba. Mun riga mun taru, mu ɗin dai na ranar nan. Ya ɗaga muryar da ya ci mutuncin tsohon da ita, ya ce, "Na yi maka ƙazafi, Baba. Ba ka ɗauki komai ba. Ni ne na yi ƙarya a kanka." Hawaye na zuba har kan gwiwarsa. Mu ma kowa ya samu wani abin kallo a ƙasa.

Mai Kunne ya dube shi na ɗan lokaci, sannan ya dubi buhunan. "A sauke su a hankali," in ji shi.

Wata uku ya yi a zaune a kan tabarma yana tsintar noti ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauka, ya murza tsakanin yatsu, ya gwada a rami, ya jefa a gwangwaninsa. Mai walda ya ce masa, "Baba, ni da na kore shi." Sai ya amsa, "To motar me ta yi mini? Maigida kuma me ya yi mini?" Lauya yana zuwa kullum da yamma, ya tuɓe takalmi ya zauna yana wanke ƙarafa da kananzir. Tsohon bai taɓa tayar masa da maganar ba, sai dai bai daina ce masa "ranka ya daɗe" ba, kuma hakan ya fi zagi yi wa Lauya ciwo.

Aka ɗaura komai, aka yi fenti, inji ya tashi. Amma yana tari yana kakkarwa. Koriya kafireta biyu gare ta, sai sun ja iska daidai da juna, kuma da kunne ake daidaita su. Mai Kunne ya sa tiyo a kunnen dama, ya rufe ido, ya daɗe. Sai ya cire ya ajiye a kan benci.

"Je ka ɗauko Maigida," in ji shi.

Lauya ya riƙo hannun mahaifinsa har bakin bonet. A hanya ne ya faɗa masa komai. Tsofaffin biyu suka gaisa, ɗaya ba ya gani, ɗaya ba ya ji sosai, har safiyo yana tsokanarsa cewa in aka haɗa su za a samu mutum ɗaya mai kyau. Mai Kunne ya ɗora masa tiyo a kunne. Shekara da shekaru safiyo ya tsaya yana kallon ana yi, ya san irin hucin da ake nema. Ya ɗora hannu a kafaɗar makanikin, suka yi yarjejeniya in ya matsa, a tsaya. Saura wanda zai riƙe ɗaya bakin tiyon a bakin kafireta.

"Auta," in ji Mai Kunne, "riƙe nan. Kada ka motsa."

Lauya ya riƙe, idonsa ya cika har ba ya ganin abin da yake riƙe da shi. Sukundireba ta juya kaɗan, ta ƙara kaɗan. Aka koma ta biyu. Sai yatsun safiyo suka matse kafaɗar. Tarin ya ɗauke, injin ya kwanta yana gurnani lafiya lau, har kwanon rumfar yana amsawa.

Kujera biyu ce, don haka babu wurin Lauya. Mai Kunne ya zauna a sitiyari, aka zaunar da safiyo a gefensa. Ya shafa ƙofa, ya shafa fatar kujera, ya juyo wajen da yake jin numfashin ɗansa.

"Auta, har yanzu koriya ce?"

Mai faci ne ya amsa masa, "Shar, Baba." Suka hau titi, iska na kaɗa farin gashinsu, suka bar Lauya tsaye a bakin kwata da tiyo a hannu. Wata biyu kawai ya kasa haƙuri, kuma ya san da ya yi, da mahaifinsa ya ga launin da idonsa.

Baba Mai Kunne, kai ne wanda aka kira ɓarawo a bakin rumfarka, ka ajiye gwangwanaye babu komai a ciki kana jiran a dawo. Kai ne ka tsince aikinka daga cikin buhu, ƙwaya ƙwaya, ba ka tsinci magana ko ɗaya ka mayar ba. Mun gode, kuma mun ji kunya, domin ranar da ya kamata mu buɗe baki mun bar ka kai kaɗai. Allah ya saka maka, ya ba ka hutu mai daɗi.

Masu sana'a, ku je ku ga yadda ake jera aiki tun kafin a rufe rumfar nan. Masu kawo aiki, in kun ga abinku a kwance, ku tambaya kafin ku yanke hukunci. Wanda kuma ya ga ana cin mutuncin mutumin kirki a gabansa, kada ya jira wani ya fara. Duk wanda zai karanta wa Baba wannan takarda, ya zauna ta damansa ya ɗaga murya, yadda duk layin za su ji.