Rakiyar Inna da Jirgin da Ya Lotsa

Ruwan Godiya zuwa Sheme

Shekarar da kuɗin fetur suka sa kowane ƙauye ya fara tura alhazai, Inna, mahaifiyata, ta sami kujerar Makka. Ana sallame asuba muka shiga motar Malam Sani direba, jakarta cike da ƙuli-ƙuli da yajin daddawa. Kowa na murna ban da ita. Ta zaga dangi neman yafiya, amma ba ta ga yayarta Iya da ke garin Sabuwa ba, ga shi akwai 'yar tsama tsakaninsu tun rabon gona.

A Sheme muka ji labarin Iya ta zo cin kasuwar Yankara. Inna ta so mu bi ta, Malam Sani ya ce jirgi ba ya jira. Sai muka bar sallahu wurin mai shayi.

Ƙanƙara

Mun karya da waina da miyar taushe. Ni na cinye rabon Inna, don ko loma ba ta kai baki ba. Daga nan muka bi ta Malumfashi har sansanin alhazai.

Filin jirgi

Washegari muka jeru a bakin wayar shinge, mu 'yan rakiya, alhazai na layi. Wata 'yar tarakta mai jan akwatuna ta yo baya, babu mai yi wa direbanta jagora, sai ji muka yi ƙwas! Ta daki cikin jirgin. Lotsawar ba ta fi bayan ludayi ba, amma aka ce tafiya sai gobe, sai injiniyoyi sun duba.

Malam Sani ya yi ta dariya, wai motarsa ta fi haka lotsewa kuma ta kawo mu. Wani ma'aikaci ya ce masa, "Malam, kai in ta lalace sai ka gangara gefen titi. Can sama ina gefen?" Daga ranar duk motar da za ta kusanci jirgi rarrafe take, mutum na gabanta yana ɗaga hannu. Tsorona dai kada kujerar Inna ta salwanta.

Washegari da hantsi wata motar auduga ta tsaya a ƙofar sansani. Iya ce ta sauko, zanenta duk farin kaɗa. Sallahun da muka bari ya same ta, ta biyo mu.

"Yaya, ki yahe mani," in ji Inna.

"Na yahe tun tuni. Ke ma ki yahe mani, ki sa ni addu'a can."

Na yi kuka, ba na ɓoyewa. Inna kuwa ta buɗe jaka, suka cinye rabin ƙuli-ƙulin Makka.

Komawa

Da la'asar jirgi ya tashi lafiya. Mun kai Iya har ƙofar gidanta a Sabuwa, muka iso gida muna hamdala. Malam Sani bai daina zagin gangancin mai taraktar nan ba, kuma da gaskiyarsa. Iya dai har ta rasu tana sa wa mai taraktar albarka.