Ana Biyana In Goge

Shekarar da na nemi aure, binciken da aka yi a kaina ya kusa sa min hawan jini. Mahaifin yarinyar tsohon ma'aikacin gwamnati ne a Kurmin Mashi, kuma a wurinsa aiki shi ne mutum ya kafa hula da safe ya fita. Ni kuwa daga ɗakina a Rafin Guza nake yi wa wani kamfanin ƙasar waje aiki. Tsohon ya turo ƙaninsa unguwarmu ya tambayi halina. Maƙwabtana, Allah ya saka musu, suka ce yaron kirki ne, ba ya wasa da sallah, sai dai ba ya fita ko'ina, kuma kwanan nan ya sa sola. Shi ke nan, aka ce iyayena su dakata da zuwa.

Na ji haushi ba kaɗan ba. Shekara biyar ina fama da koyon aikin manhajar kwamfuta, ido ya raunana, baya ya ƙage. Kamfanoni na rububin masu iya rage wa manhaja nauyi, don manhaja mai nawa cin kuɗinsu take yi, masu amfani da ita kuma su gudu. Albashin da ake ba ni ko darakta a ma'aikata bai ganinsa. Amma wai ni ake yi wa kallon ɗan damfara.

Na nemi izini na je gidan mahaifin yarinyar bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi.

"Kana mataki na nawa?" ya tambaye ni.

"Baba, babu mataki a wurinmu."

"Fansho fa? Ofishin a ina yake?"

Na ce babu. Raina ya riga ya ɓaci, don haka da ya ce to me nake yi takamaimai, sai na ce, "Gogewa nake yi, Baba. Wasu su rubuta, ni in goge."

Ƙanin nasa da ke zaune a gefe ya kwashe da dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na daure na ce, idan mutum ya danna abu a wayarsa, saƙon kan bi ta wurare goma kafin amsa ta dawo. Ni nake bin sawu in ga bakwai ba su da amfani, in cire su.

Tsohon ya gyara zama. Ya ce, lokacin da yake aiki a ofishin rajista, fayil ɗin hutun ma'aikaci teburi tara yake bi, ya yi wata biyu a hanya. Ya zauna ya rubuta takarda cewa teburi uku sun isa.

"Sai aka yi yaya, Baba?"

"Aka tura ni wani ƙauye shekara huɗu. Masu teburi shidan ba su yafe min ba." Ya kalle ni da kyau. "Kai kuma a kan wannan ake biyanka?"

Na ce a kansa ne.

Ya juya wurin ƙaninsa ya ce a gaya wa iyayena su zo ranar Asabar. Ina saka takalmi a bakin ƙofa, haushin maƙwabta bai gama sakina ba, ya kira ni a hankali yadda ƙanin ba zai ji ba.

"Mutanen nan naku, suna ɗaukar tsofaffi?"